Tambayoyi da amsoshi kan shimfiɗun dutsen farar ƙasa da dutsen laka, da burbushin halittun da ke cikinsu

A gefen hanyar da aka yanka ta cikin tudu, ko a gaɓar kogi, ko a tsohon ramin fasa dutse, sau da yawa za ka ga bango hawa-hawa: shimfiɗa mai tauri mai ruwan toka ta turo kai waje, wata mai laushi baƙa-baƙa ta shige ciki, haka bi da bi har sama. Mai taurin ita ce dutsen farar ƙasa. Mai laushin dutsen laka ce, wadda masana ke kira shel. Ga tambayoyin da masu fara wannan ilimi suka fi yi.

Ta yaya zan bambance su a fili, ba tare da ɗakin gwaji ba?

Fara da yadda suke fashewa. Dutsen laka yana rabuwa falle-falle kamar tsohon littafin da ruwa ya taɓa, wani lokaci farce ma ya isa ya ɓanɓare shi. Dutsen farar ƙasa gunduwa-gunduwa yake karyewa, kuma in ka buge shi da guduma sai ya amsa da ƙara.

Gwajin da aka fi dogara da shi na asid ne. Dutsen farar ƙasa sinadarin kalsiyam kabonet ne, yawancinsa ma'adinin kalsait. Ɗigo ɗaya na asid haidurokulorik da aka tsarma zuwa kashi 10 cikin 100 zai sa shi kumfa nan take, domin iskar kabon dayoksaid na fita. Amma ka fasa dutsen tukuna, ka ɗiga a sabuwar fuska. Ruwan da ke gangarowa daga farar ƙasar da ke sama yakan bar farin ɓawo a jikin dutsen laka, sai mutum ya ga kumfa ya rubuta abin da ba shi ba. In babu wannan asid, ruwan khal zai yi, sai dai ba shi da ƙarfi, don haka ka kankare dutsen ya zama gari, ka ɗiga, ka duba da madubin ƙara girma. Dutsen da ya ƙi kumfa a dunƙule amma garinsa ya yi, dolomait ne, wato farar ƙasar da magniziyam ya shiga.

Wuƙa ma tana da nata aiki. A ma'aunin tauri na Mohs kalsait yana kan 3, ƙarfen wuƙa kusan 5 da rabi, shi ya sa wuƙa ke ƙarzar farar ƙasa. In ka ci karo da wani dunƙule mai santsi da wuƙa ta kasa, har ƙarfen ya bar zane a kansa, dutsen ƙyastu ne, taurinsa 7.

Ƙwayoyin dutsen laka ba su kai kashi ɗaya cikin 16 na milimita ba, ido ba ya raba su. Tsofaffin masu aikin nan sukan gutsuri ɗan ƙanƙani su murza a haƙoran gaba: in ya yi ƙiris-ƙiris akwai turɓaya a ciki, in ya narke kamar man shafawa yumɓu ne zalla.

Me ya sa suke jere bi da bi haka?

Domin kowannensu yanayin ruwa daban yake nunawa. Yawancin farar ƙasa halittun teku ne suka tara ta da ƙwansonsu da ƙwarangwal ɗinsu, a ruwa mai haske, sau da yawa mai ɗumi marar zurfi. Laka kuwa daga tudu koguna ke kawo ta, kuma ba ta kwantawa sai inda ruwa ya natsu. Halittun da ke tace abinci daga ruwa ba sa jure laka, tana toshe su. Saboda haka duk lokacin da laka ta yawaita, masu yin farar ƙasa sai su ja baya.

Abin da ke kawo wannan juyi bai tsaya a ɗaya ba, kuma nan ne ake yawan gaggawar yanke hukunci. Akwai guguwar teku. Tana tayar da ƙasan ruwa, ta kwashe laka, ta tara ƙwanso wuri guda. Shimfiɗar guguwa tana da alama: gindinta kaifi ne, ya yanki lakar da ke ƙasa, manyan ɓaraguzan ƙwanso suna ƙasa, ƙanana suna sama, kuma in ka bi ta gefe sai ka ga ta yi kauri nan, ta sirance can, wani lokaci ta ɓace. Akwai kuma sauyin yanayi da hawa da saukar teku, wanda yakan bi karkatar duniya da hanyar zagayenta ga rana. Lissafin masani Milankovitch kan wannan karkata da zagaye ya ba da zango na kusan shekara 21,000, da 41,000, da 100,000, da 405,000. Shimfiɗun irin wannan sukan tafi kilomitoci ba su sauya kauri sosai ba, kuma sukan zo ƙungiya-ƙungiya. Na uku, akwai abin da ya faru bayan binnewa: kalsiyam kabonet ya narke daga wani sashe ya taru a wani, ya ƙara fito da bambancin da tun farko bai kai haka ba. Alamarsa ita ce farar ƙasar ta zo dunƙule-dunƙule a jere, iyakarta da laka ba kaifi.

Abu guda kada ka manta da shi: kauri ba ma'aunin lokaci ba ne. Santimita goma na iya zama aikin dare ɗaya na guguwa, ko na shekaru dubbai. Layin da ke tsakanin shimfiɗa biyu ma, wanda ba shi da kauri ko kaɗan, yana iya ɗauke da lokacin da ya fi na shimfiɗun biyu a haɗe. In ka ga saman farar ƙasa ya yi ramuka ƙanana kamar an huda da ƙusa, ga ƙwanso manne a kansa, ga jirwayen ƙarfe, to ƙasan tekun ya daskare ya zama dutse ya daɗe a buɗe kafin wata laka ta rufe shi.

Launin dutsen laka yana faɗin wani abu?

Yana faɗi, in ka duba sabuwar fuska, domin rana da ruwan sama suna koɗar da na waje. Baƙi yana nuna ragowar halittu da ba su ruɓe ba saboda ƙarancin iskar oksijin a ƙasan ruwa. Irinsa yakan zo da layuka sirara ƙwarai da ba abin da ya birkita su, domin tsutsa ba ta iya rayuwa a wurin balle ta haƙa rami. Ja tsatsar ƙarfe ce, oksijin ya wadata. Kore-kore ƙarfe ne da bai yi tsatsa ba. Ruwan toka, wanda ya fi yawa, yana tsakani.

An ce ta ƙasa ta girmi ta sama. Ko yaushe haka ne?

Haka ne matuƙar ba a juyar da duwatsun ba. Masani Nicolas Steno ya rubuta wannan ƙa'ida a 1669, tare da cewa shimfiɗu a kwance suke fara zama, kuma suna miƙewa gefe har sai sun sirance ko sun ci karo da shamaki. Amma motsin ƙasa yana karkata su, ya lanƙwasa su, har ya kifar da su. Don haka ake neman shaidar sama da ƙasa a cikin dutsen kansa.

Mafi kyawunta ita ce ƙwanson da laka ta cika rabinsa. Lakar ta kwanta a ƙasa, gurbin da ya rage a sama daga baya farin kalsait mai ƙyalli ya cike shi. Layin da ke tsakaninsu shi ne yadda ƙasan tekun yake a kwance a ranar, tamkar ma'aunin magini da aka binne a dutse. Bayan wannan, tsagewar busasshiyar laka tana da faɗi a sama, ta tsuke a ƙasa. Manyan ƙwayoyi sukan riga ƙanana kwantawa. Ƙwanso mai kwarmi da ruwa ya tura yakan tsaya a kife, bayansa sama, domin a haka ruwan ba ya iya juya shi. Kada ka tsaya a shaida ɗaya, ka nemi uku su yarda da juna.

Waɗanne burbushi zan sa ran gani, kuma ta yaya zan gane su?

Ya danganta da shekarun dutsen. A tsofaffin duwatsu na zamanin Faliyozoyik, wanda ya ƙare shekara miliyan 252 da suka wuce, waɗannan ne suka fi yawa.

Barakiyofod yana da ƙwanso biyu, shi ya sa ake rikita shi da dangin kawa da kumba. Ga yadda ake raba su: ɗauki ƙwanso ɗaya ka raba shi tsakiya daga baki zuwa gindi. In hagu da dama sun yi daidai, barakiyofod ne, kuma za ka ga ƙwanso ɗaya ya fi ɗayan girma. A yawancin dangin kumba kowane ƙwanso a karkace yake, amma biyun kamar tafin hannun dama da na hagu suke.

Kirinoyid dabba ce mai kama da fure, ɗan'uwan tauraron teku. Da ya mutu jikinsa ke wargajewa, sai ka tarar da gaɓoɓin kararsa kamar 'ya'yan carbi, kowanne da huda a tsakiya, wata hudar mai kusurwa biyar. Akwai shimfiɗun da kusan su kaɗai ne suka gina su. Samun kansa cikakke abu ne mai wuya, yana nuna laka ta rufe shi farat ɗaya.

Birayozowa yana kama da reshe ko raga, jikinsa cike da huda ƙanana da ba su kai milimita ɗaya ba. Murjanin wancan zamani iri biyu ne, mai siffar ƙaho da mai siffar saƙar zuma, kuma hudojinsa sun fi na birayozowa girma. Tirilobait yana da jiki gaɓa-gaɓa da ya kasu uku a tsawonsa daga kai zuwa wutsiya. Yana saɓa kamar yadda fara ke yi, don haka mafi yawan abin da ake samu saɓarsa ce, kai daban, wutsiya daban. A baƙin dutsen laka na zamanin Odobishiyan da Siluriyan, sassa biyu na Faliyozoyik, akwai giraftolait, wanda za ka ɗauka wani ne ya ja layi da fensir, sai ka duba da madubi ka ga haƙora kamar na zarto.

A duwatsun zamanin Mesozoyik, wanda ya biyo bayan Faliyozoyik, sai amonait, mai naɗi kamar ƙahon rago. Bambancinsa da katantanwa shi ne cikinsa ɗaki-ɗaki ne, kuma inda bangon ɗaki ya haɗu da ƙwanso yana barin zane mai lanƙwasa kamar ganye. Amonait ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Tare da shi ana samun belemnait mai siffar harsashi, da kawa, da haƙoran kifin shak masu ƙyalli baƙi ko ruwan ƙasa.

Kada ka raina ramukan tsutsa da sawun tafiya. Ƙwanso ruwa na iya ɗauko shi daga nesa, rami kuwa inda aka haƙa shi nan yake, shi ne shaidar da ta fi gaskiya kan yanayin wurin.

Me ya sa burbushin cikin laka a baje yake, na cikin farar ƙasa kuma a cike?

Sabuwar laka mafi yawanta ruwa ne, yakan kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Idan nauyi ya taru a kanta ruwan ya fita, sai ta matse ta koma kaso kaɗan na kaurinta na farko, ƙwanson da ke ciki ya baje ya tsattsage. Farar ƙasa kuwa takan daskare da wuri, kafin nauyin ya zo. Shi ya sa dunƙulen kabonet da ke cikin laka yake da daraja: ya taurare kewaye da gawar tun lakar tana da ruwa. Dubi yadda layukan laka suke lanƙwasawa su zagaye dunƙulen sama da ƙasa, wannan shi ke nuna maka iyakar matsewar da aka yi.

Na ga siffar ƙwanso amma ƙwanson babu. Ina ya tafi?

Ya narke. Kalsiyam kabonet iri biyu ne a ƙwanso, kalsait da aragonait, kuma aragonait ba ya jure zama. Katantanwa, amonait da yawancin dangin kumba aragonait ne, don haka sau da yawa gurbinsu kawai ke saura: gurbin waje mai ɗauke da zanen bayan ƙwanso, da curin lakar da ta cika cikinsa. Barakiyofod, kirinoyid da kawa kalsait ne, su kan saura da jikinsu. Wani lokaci wani ma'adini yakan maye gurbin, kamar silika ko fairait mai ƙyallin tagulla. In ka fasa dutse ka sami gurbi a ɓari ɗaya, curi a ɗayan, ka ɗauki duka biyun. Sau da yawa gurbin da ake yarwa shi ke da zanen da ake gane jinsi da shi.

Akwai abubuwan da ke kama da burbushi amma ba su ba ne?

Da yawa. Baƙin zane mai rassa kamar ganyen tsiro a jikin tsaga, ma'adinin manganis ne da ruwa ya bari, kuma za ka lura kwance yake a fuskar tsaga, ba shi da kauri, rassansa ba su da tsari ɗaya. Dunƙule mai siffar ƙwai sau da yawa dunƙulen kabonet ne. Wanda ya tsattsage ciki kalsait ya cike tsagun shi ake ɗauka ƙoƙon kunkuru. Layi mai zigizaga a farar ƙasa, kamar ɗinkin ƙoƙon kai, wuri ne da dutse ya narke saboda matsi. Abin da za ka nema a halitta shi ne tsari mai maimaituwa: haƙarƙari masu tazara ɗaya, layukan girma, hagu da dama masu daidaito, da samun irinsa fiye da ɗaya.

Ta yaya ake sanin shekarun shimfiɗa?

Mataki biyu ne. Na farko jerantawa. William Smith, wanda ya fitar da taswirar duwatsun Ingila da Wales a 1815, ya lura cewa kowace shimfiɗa tana da nata burbushi, kuma jerinsu ba ya sauyawa daga wuri zuwa wuri. Burbushin da ya fi amfani shi ne na halittar da ta bazu nesa, ta yi yawa, kuma jinsinta bai daɗe ba ya sauya. Amonait da giraftolait sun cika wannan sharaɗi, har ana raba duwatsu da amonait zuwa zangon da bai kai shekara miliyan ɗaya ba.

Na biyu lissafi da lamba. Farar ƙasa da laka ba su cika ba da shekaru kai tsaye ba, domin ƙwayoyin laka sun girmi shimfiɗar da suka kwanta a ciki. Ana neman siririyar shimfiɗar tokar dutse mai aman wuta, wadda ta koma yumɓu mai santsi kamar sabulu, fari ko rawaya, tana kumbura in ta jiƙe. A cikinta akwai ƙwayoyin ma'adinin zakon masu ɗauke da yuraniyam, wanda ke komawa dalma a ƙayyadadden sauri: rabin yuraniyam 238 yana juyawa cikin shekara biliyan 4.47. Kabon 14, wanda ake auna shekarun abubuwan da ba su daɗe sosai ba da shi, ba ya aiki a nan, rabinsa yana ƙarewa cikin shekara 5,730, bayan kusan shekara 50,000 babu abin aunawa.

Yaya ake auna bango a rubuta shi?

Wannan shi ne ainihin aikin, kuma shi ake yawan tsallakewa don ɗokin fasa dutse. Ja baya ka kalli bangon gaba ɗaya, ka zana shi, ka nemi karaya inda shimfiɗu suka goce wa juna, domin in ba ka gan ta ba za ka ƙirga shimfiɗa ɗaya sau biyu. Zaɓi wata shimfiɗa da kowa zai iya ganewa ta zama mafari. Fara daga ƙasa zuwa sama, ka ba kowace shimfiɗa lamba. Ga kowace ɗaya rubuta kauri da santimita, irin dutse, launin sabuwar fuska, girman ƙwaya, yanayin gindinta, ko kaifi ne ko a hankali ta sauya, da burbushin ciki: cikakku ne ko fasassu, ƙwanso biyu a haɗe ko a rabe, a kife ko a buɗe, suna fuskantar gefe ɗaya ko a warwatse. Ma'aunin zane na 1:20 ya dace da shimfiɗu sirara, wato santimita ɗaya a takarda santimita 20 a bango.

Kauri ana auna shi a miƙe daga gindin shimfiɗa zuwa samanta. In shimfiɗun a karkace suke kuma kana tafiya a shimfiɗaɗɗen fili, abin da tef ya ba ka ya fi kaurin gaske. Auna karkatar da kamfas mai ma'aunin gangara, ka auna faɗin ta fuskar da suka gangara, sannan ka ninka da sayin (sin a na'urar lissafi) na kusurwar. Faɗin mita 20 a karkatar digiri 30 kauri ne na mita 10. Kowane hoto a sa masa abin gwada girma.

Wane kaya nake bukata, kuma yaya ake ciro burbushi ba a fasa shi ba?

Gudumar masu nazarin dutse mai nauyin gram 500 zuwa 900, kurfin ƙarfe mai faɗin baki da wani siriri, tabarau na kariya, hular kwano, safar hannu, madubi mai ƙara girma sau 10, tef, littafi, fensir, tsohuwar jarida da jakunkuna. Gudumar kafinta ƙarfenta yana fallatsa, kada a yi da ita. Kada kuma a buga guduma a kan guduma.

Fara da tsintar abin da ya riga ya faɗo a gindin bango, ruwan sama ya riga ya wanke maka shi, sai dai ka rubuta cewa tsintuwa ce, ba daga shimfiɗa ka ciro ba. Dutsen laka ana tsayar da shi a gefensa, a sa siririn kurfi ko wuƙa a kan layi, a buga a hankali ana zagayawa har ya buɗe. A farar ƙasa, kada ka kai kurfi kusa da burbushin. Sassaƙa kwari kewaye da shi da tazarar santimita uku zuwa biyar, bakin kurfi yana kallon waje, har ya tsaya a kan ɗan tudu, sannan ka sare tudun daga gindi. Ƙarasa gyaran sai a gida. Yawancin abin da ke karyewa yana karyewa ne a bugun ƙarshe, lokacin da mutum ya ce bari in rage nauyi kaɗan.

Tun a wurin ka naɗe kowanne daban, ka sa takarda mai wuri, lambar shimfiɗa da kwanan wata, ka ja kibiya a jikin dutsen mai nuna sama. Burbushin da ba a san shimfiɗarsa ba ya rasa mafi yawan amfaninsa ga ilimi, ko da kuwa ya fi kowanne kyau.

Ina haɗarin yake?

A saman kanka. Laka tana zaizayewa da sauri, ta bar farar ƙasa a rataye babu madogara, kuma kurmin da ke ƙarƙashinta shi ne daidai inda burbushi ke jan ido. Kada ka shiga, kada ka haƙa lakar da ke tallafe da ita. Ruwa yana ratsa tsagun farar ƙasa, ya tarar da laka ta tare shi, sai ya fito a iyakarsu ya mai da lakar santsi. Daga nan zaftarewa ke farawa, musamman bayan ruwan sama. Sababbin ɓaraguzai a ƙasa da sabon tabo a bango alama ce ta a matsa. A bakin teku ka san lokacin cikarsa kafin ka sauka, ka fara aiki yana janyewa. Kada ka tafi kai kaɗai.

Na kawo dutsen laka gida ya rududduge. Me ya faru?

Yumɓu yana kumbura in ya sha ruwa, ya tsuke in ya bushe. Bushewar gaggawa tana tsattsaga shi, wankewa da ruwa kuma tana mai da shi taɓo. Bar shi a naɗe a jarida, a inuwa, ya bushe a hankali cikin mako ɗaya ko biyu. Share shi a bushe da buroshi mai laushi da allura. In yana ɓarɓashi, shafa masa gam ɗin Paraloid B-72 da aka narkar a sinadarin asiton, gram 5 a mililita 100, ya tsuma. Don liƙa karaya a yi mai kauri, gram 20 zuwa 50. Amfaninsa shi ne asiton yana sake narkar da shi in an yi kuskure. Dutsen ya bushe sarai tukuna, in ba haka ba zai yi fari-fari. Fenti mai ƙyalli yana rufe zane, yana rawaya da tsufa, a bar shi.

Burbushina mai ƙyallin tagulla ya fara fitar da farin gari. Za a iya ceto shi?

Ruɓewar fairait ce. Ma'adinin ƙarfe ne da farar wuta, in ya haɗu da oksijin da laima sai ya koma gishirin ƙarfe da asid salfurik. Garin ya fi asalin ma'adinin girma, shi ke tsaga burbushin daga ciki, asid ɗin kuma ya cinye takarda da kwali. Laimar da ta haura kashi 60 cikin 100 tana hanzarta shi. Ware shi daga sauran, ka goge garin a bushe, kada ruwa ya taɓa shi, ka sa shi a robar da iska ba ta shiga tare da ƙwayoyin silika masu shan laima, laimar ta tsaya ƙasa da kashi 50, in ya samu ƙasa da haka ma ya fi. Abin da ya riga ya ruɓe ba ya dawowa, don haka ka ɗauki hotonsa tun yana da kyau.

Zan iya narkar da dutsen da asid burbushin ya fito?

Sai in burbushin ba kalsait ba ne. Haƙora, ƙashi da ƙwanson da silika ya maye suna jure asid asetik na kashi 5 zuwa 10, farar ƙasar ta narke ta bar su. Ƙwanson kalsait kuwa tare za su narke. Gwada a gutsure marar amfani tukuna. Ƙashi da haƙori ana rufe abin da ya fito da Paraloid kafin a sake tsomawa. Bayan kowane tsomi a jiƙa a ruwa mai tsabta ana sauyawa, lokacin ya ninka na asid sau uku, domin gishirin da ya saura a ciki zai tsiro ya fasa shi daga baya. Asid ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a asid, kuma a yi a inda iska ke wucewa.

Lakar da ba na ganin komai a ciki fa?

Sau da yawa ita ta fi cika. Ɗauki gram 200, ka busar da ita sarai, ka jiƙa a ruwan ɗumi da ɗan sodar wanki har ta saki. Wanke ta a rariya mai ido milimita 1 da aka ɗora a kan mai ido milimita 0.063. Busar da abin da ya tsaya a ta ƙasa, ka barbaɗa kaɗan a baƙin faranti, ka duba a madubin likita mai ƙara girma sau 20 zuwa 40, kana ɗauka da jiƙaƙƙen bakin siririn buroshi. Za ka sami ƙwanson ƙananan halittun ruwa irin su foraminifera, da ostarakod masu kama da ƙwayar wake, da haƙoran kifi. Ka wanke rariya sosai tsakanin samfuri da samfuri, domin ƙwaya ɗaya da ta maƙale tana iya ɓata lissafin shekarun shimfiɗa.

Yaya aka yi halittun teku suka hau tudu?

Ƙasa ce ta ɗaga, ko teku ya janye, ko duka biyun. Ƙololuwar tsaunin Everest kanta farar ƙasa ce ta zamanin Odobishiyan, da ɓaraguzan kirinoyid a cikinta, karon Indiya da Asiya ne ya ɗaga ta. Duwatsun dalar Giza a Masar cike suke da numulait, halittun teku masu siffar kwabo. Lura da wannan ba sabon abu ba ne: kusan shekara dubu da suka wuce masani Albiruni ya duba duwatsun filayen Indiya ya ce wurin teku ne da koguna suka cike.

Ana samun halittu masu taushin jiki?

Da wuya, sai inda aka haɗa binnewar gaggawa, laka mai laushi ƙwarai da rashin oksijin. Dutsen lakar Burgess a Kanada, wanda Charles Walcott ya gano a 1909, ya adana hanji da ƙafafun halittun da suka haura shekara miliyan 500. Farar ƙasar Solnhofen a Jamus ta adana gashin fuka-fukan Archaeopteryx, wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da tsuntsu, wadda aka bayyana a 1861. A Lyme Regis ta Ingila, inda farar ƙasa da laka suke jere bi da bi tun kusan shekara miliyan 200, Mary Anning ta fito da cikakken ƙwarangwal na filesiyoso, wata daɗaɗɗiyar dabbar teku mai dogon wuya, a 1823.

In na ga ƙasusuwa a jere, ko wani abin da ban saba gani ba?

Kada ka ciro. Yadda ƙasusuwan suke kwance bayani ne da ba a iya maido shi in an birkita, kuma ƙashi a laka ba ya fita lafiya sai an tsuma shi da gam, an naɗe shi da filasta tare da dutsen da ke kewaye. Ɗauki hoto daga nesa da kusa da abin gwada girma, rubuta lambobin wurin daga wayarka da lambar shimfiɗar, tattara gutsattsarin da suka riga suka faɗo a jaka ɗaya mai takarda, ka rufe sauran da leda da ƙasa don kada rana da ruwa su ci shi. Sannan ka sanar da gidan tarihi, ko sashen nazarin ƙasa na jami'a, ko hukumar binciken ƙasa. Doka kan ɗibar burbushi ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a wasu wuraren ma ɗaga guduma haramun ne, don haka ka nemi izinin mai fili ko mai ramin dutse, ka kuma san dokar wurin kafin ka fita.